Saƙon da Aka Ba Kwamfuta

A Wurno idan magana ta yi nauyi ba a faɗa wa mutum ita ido da ido, tsohuwa ake nema a aika. A unguwarmu ni ce tsohuwar, tun da na ajiye allin firamare. Mai gida na son ɗan haya ya tashi, ni ce. An fasa neman aure, ni ce. Nakan je in zauna, in sha ruwan gidan, in tambayi lafiyar yara har da ta awaki, sannan in sauke abin da na ɗauko a hankali, yadda mutum zai ji zafi amma ya tashi da mutuncinsa. Ba aikin daɗi ba ne, kuma ba a biyana. Amma duk saƙonnin da na kai babu wanda ya ci mini rai kamar guda ɗaya da ba a ba ni ba, shi ya sa zan ba da labarin Christy.

Christy 'yar Zuru ce. Amarya ta zo Wurno, matar Malam Sam da muke koyarwa tare, shi yana lissafi ni ina Hausa. Katangarmu ɗaya da su. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, ga dariya wadda idan ta fara sai kajin gidana sun watse. Da tafireta ta zo cikin kayan aurenta, ta riƙa zama a wata rumfa kusa da kasuwa tana buga wa mutane takardu. Ran Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta tafi coci, ran Kirsimeti shinkafarta ta zaga unguwa, ran Layya kuwa naman da ke shiga gidanta ya fi wanda ke shiga nawa, abin da har yau ban yafe wa maƙwabta ba. Kafin a jima bakinta ya juye, idan tana magana a bayan katanga ba za ka ce ba a nan Wurno aka yanke cibiyarta ba.

A rumfar nan ta haɗu da Ummukulthum, wadda yanzu kowa ke kira Hajiya. Lokacin ba Hajiya ba ce, yarinya ce mai sayar da irin albasa a gwangwani daga zauren mijinta, tana aiko wa Christy ta buga mata sunayen iri a manna a jikin leda. Daga nan suka ƙulla ƙawance, irin na da, wanda ake kai kwanon abinci a shaida wa dangi. Bikin ɗaya na ɗaya ne, makokin ɗaya na ɗaya ne. Da Ummukulthum ta haifi ɗanta na fari, Nasrullahi, kunyar ɗan fari ta hana ta ko ɗaukarsa a gaban mutane, balle ta kira sunansa. A bayan Christy yaron ya girma. Ita ta yaye shi, ita ta kai shi ajina riƙe da hannu, kuma har ya yi gemu Mama yake ce mata.

Allah ya sa wa sana'ar Ummukulthum albarka. Gwangwani ya zama shago, shago ya zama uku: babba a Wurno, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo kusa da masu noman rani na bakin dam. Iri, taki, maganin feshi, da injinan ban-ruwa da ake bayarwa haya. Christy ta bar rumfa ta koma shagon Wurno, tafireta ta ba kwamfuta wuri. Aikinta shi ne duk manomin da ya zo sabo ta buɗe masa fayil: sunansa, ƙauyensu, inda gonarsa take, abin da yake shukawa. Dokar shagon ce, irin albasa mai kyau da layin hayar inji sai mai fayil. Don haka duk wanda ya fara hulɗa da shagon Hajiya ta gaban teburin Christy ya bi.

Ba zan yi mata ƙarya don ina sonta ba. A 'yan shekarun nan idonta ya rage, sai ta kai hanci kusa da gilashin kwamfuta take gani. Ga surutu. Manomi ɗaya sai ta tambaye shi matarsa da surukarsa da jakinsa, layi yana tsawo a waje. Idan da an ce mini Hajiya tana son mai jini a jika a teburin nan, ba zan ce ta yi zalunci ba. Kasuwa ba gidan biki ba ce.

Da Malam Sam ya rasu, danginsa suka zo daga Zuru da mota za su tafi da ita, tunda 'ya'yanta biyu sun girma sun bar gari. Ina wurin. Hajiya ta shigo ta zauna a ƙasa tana kuka, ta ce wa mutanen Zuru idan suka ɗauke Christy sun ɗauke mata hannun dama, shagon nan tare suka gina shi, kuma muddin tana numfashi Christy ba baƙuwa ba ce a Wurno. Christy ta dubi dangin mijinta ta ba su haƙuri, ta ce tana da 'yar'uwa a nan. Suka koma da motarsu babu kowa a baya. Tun daga ranar abin da ya riƙe ta a garin nan ke nan, teburin nan da maganar ƙawarta.

Sai Nasrullahi ya gama karatu a Sakkwato ya dawo da ilimin na'ura. Ya haɗa kwamfutocin shagunan uku suka zama tsintsiya ɗaya, abin da aka rubuta a Goronyo ana ganinsa a Wurno. Kowane ma'aikaci aka ba shi sunan shiga da lambar sirri. Shi kuma ya zama abin da suke kira admin. Da na tambayi Christy ko wace sarauta ce wannan, ta yi dariya ta ce kamar mai riƙe da makullan gida ne: shi ke cewa wane ya shiga ɗaki ya ajiye kaya, wane kuma ya tsaya bakin ƙofa ya leƙa kawai. Tana faɗa tana alfahari, ɗan da ta goya ne ke riƙe da makullai.

Abin ya faru ne bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da kowa ke rububin irin albasa. Wani dattijo, Malam Uwaisu, wanda 'yan bindiga suka taso daga wajen Shinaka, ya samu aron 'yar gona a fadama ya zo neman iri. Christy ta gama tambayarsa iyali, ta yi masa jaje, ta danna za ta buɗe masa fayil. Sai wani ɗan akwati ya fito a gilashin da Turanci, yana cewa ba ta da izinin ƙirƙirar sabon abu a nan, ta nemi mai kula da na'urorin. Ta sake dannawa, haka. Ta kashe ta kunna, haka. Tsofaffin fayiloli duk suna buɗewa, tana iya karanta na kowa tun daga na farko, amma sabo ko ɗaya ya ƙi.

Ta kira Nasrullahi. Ya ce gyara aka yi wa babbar na'ura abubuwa suka ɗan cakuɗe, zai duba. Ta ba Malam Uwaisu haƙuri ta ce ya dawo gobe. Ya dawo, ta sake ba shi haƙuri. Bawan Allah ya riƙa zuwa da ƙafa yana zama a benci da hularsa a gwiwa, ba ya ko ƙorafi, wanda ya bar gidansa da rumbunsa ya gudu ai jiran kwamfuta ba zai ba shi tsoro ba. Bayansa wasu sababbin suka taru. Christy da ta saba ita ce mai sallamar mutane ta koma mai cewa a dawo gobe, tana zaune gaban na'ura mai haske ba ta da abin yi da ita sai kallo. Takan dawo gida ta kasa cin tuwo. Ta taɓa yi wa Hajiya maganar a wucewa, Hajiya ta ce ita ina ta san kan waɗannan abubuwa na yara, Allah dai ya kyauta.

Na ce mata ruwa ba ya tsami banza. Ta ce in daina mugun zato, na'ura ce, ita ma tana da ranar rashin lafiya. Ta buga waya Rabah, suka ce su tasu lafiya lau take aiki. Sai ta yanke shawarar zuwa Goronyo da kanta, wai ko kwamfutar Wurno ce ta tsufa. Na hana ta saboda halin da hanya take ciki, ta ƙi ji, ta shiga motar haya da sassafe da sunan Malam Uwaisu a kanta.

A Goronyo wani Bashar ke riƙe da shagon. Ya tashi ya ba ta kujera, ta shiga da sunanta da lambarta, ta danna. Akwatin nan dai ya fito, kamar ya riga ta hawa mota. Bashar ya ce bari ya gwada. Ya fitar da sunanta ya sa nasa, a kwamfuta ɗaya, a kujera ɗaya, kafin ta gyara zaman tabarau fayil ɗin Malam Uwaisu ya buɗe. Ta ce mini Bashar bai yarda sun haɗa ido ba, sai ya hau kakkaɓe buhunan taki da babu abin da ya same su. A nan ta gane na'ura lafiyarta ƙalau, sunanta ne aka ɗaure.

Malam Uwaisu ya samu irinsa, a makare, amma ya samu. Christy kuwa ta dawo ta zauna a tsakar gidana ta ba ni labarin duka. A kwanakin nan matar Nasrullahi, Maryam, wadda ita ma ta karanci kwamfuta, ta fara leƙowa shago wai tana taya shirya kaya. Shi kuma Nasrullahi idan ya hango Christy sai ya durƙusa ya gaishe ta da sauri ya tuna ana jiransa a Achida. Ba sai an yi duba ba. Christy ta ce yaron ne, yana son matarsa ta hau teburin, ya kasa faɗa, ya yi mata kora da hali. Ta ji ciwo, ta faɗa mini ta ji ciwo, har ta taɓa bayanta ta ce nan ya yi ta yi mata fitsari.

Na ɗauki mayafina na ce yanzu zan je in gaya wa uwarsa. Ta riƙe mini hannu.

"Malama, don Allah ki zamna. In Hajiya ta ji abin da yay yi mani, baki za ta yi mishi. Ni nag goye shi, ba ni zama sanadin da uwa tai za ta tsine mishi."

Ka ji irin wautar mutanen kirki. An cuce ta, ita kuma tana neman yadda za ta rufa wa macucin asiri. Ta ce ta riga ta yanke: za ta je ta ce wa Hajiya idonta ya gaza, tana neman a sallame ta ta koma Zuru. Ta haka Maryam ta samu teburin, Nasrullahi ya huta, Hajiya kuma har ta mutu ba za ta san ɗanta ya yi wa ƙawarta haka ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce Zuru wa ta sani yanzu, wa ya san ta? Ta ce ba komai, abin da take tsoro ɗaya ne, kada zumuncinta da Hajiya ya samu tabo. Tunda irin wannan sallama ba a zuwa ita kaɗai, ni ta roƙa in raka ta, na bi ta ina ƙunƙuni.

Bayan la'asar muka je. Hajiya ta sa aka shimfiɗa mana darduma, aka kawo fura mai sanyi. Christy ta yi bayaninta tiryan-tiryan, ta ɗora wa idonta laifin duka, ba ta ambaci kwamfuta ba ko sau ɗaya. Hajiya ta tafa hannu ta yi salati, ta ce ina za ta sa kanta, ta ce a je asibitin ido a Sakkwato ita za ta ɗauki nauyi. Christy ta ce ta gode, ta dai gaji. Hajiya ta sake roƙo, Christy ta sake ba da haƙuri. Hawaye na gani a idon Hajiya, na gaske, har ni na fara jin kunyar zaton da na taɓa yi. A ƙarshe ta ce to, tunda ta nace, ba za ta tauye ta ba, amma ta taimaka ta nuna wa Maryam kan aikin kafin ta tafi. Christy ta ce da yardar Allah.

Sai Hajiya ta ɗauki waya ta fita bakin ƙofar ɗaki. Wanda ya san tsofaffin matanmu ya san yadda muke waya, muna ganin idan ba mu ɗaga murya ba maganar ba za ta isa ba. Labule ne kawai tsakaninmu da ita. Ba ta kira sunansa ba, ɗan fari ne, amma mun san da wa take.

"Kai, ta aje da kanta, an gama lahiya. Abin nan da nac ce ka ruhe mata, buɗe shi gobe, ta koya ma matarka kahin ta tahi."

Ludayin fura yana hannun Christy. Ta mayar da shi cikin kwano a hankali, ko ƙara bai yi ba. Na yunƙura zan tashi, don ni jinina ya riga ya hau, sai ta danne mini gwiwa da hannunta. Hajiya ta dawo tana share ido da bakin mayafi, ba ta san mun ji ba. Christy ta yi mata godiya, ta yi mata sai da safe kamar kullum.

Washegari ta je shago. Ta shiga da sunanta, ta danna, fayil ya buɗe nan take, babu akwati babu Turanci. Ta zaunar da Maryam a gefenta ta koya mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba, har da waɗanne manoma ne ba sa ji sosai sai an ɗaga murya. Ni da a ce ni ce, da na bar su da na'urarsu su ci kansu. Na faɗa mata haka, ta ce Maryam ba ta yi mata komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kuma har yanzu idan na tuna sai na ji ɗaci a bakina, gidan Hajiya da nawa ba nisa. Ta san aikina, ta sha aikena wurin wasu. Da ta kira ni ta ce ga halin da ake ciki, idon Christy ya yi rauni, ga surukarta tana zaune, da na je na zauna na sha ruwa na faɗa mata yadda ake faɗa. Da an nema mata wani abin yi a shagon, ko a sallame ta da biki da mutunci, ta ci gaba da zamanta a Wurno tana shiga gidan ƙawarta. Kunya ce ta hana Hajiya faɗa da bakinta, na yarda, duk muna da ita. Amma kakanninmu da suka san kunya su suka ƙirƙiro aike, don kada kunya ta zama mugunta. Ita sai ta samu hanyar da ba sai ta haɗa ido da kowa ba, har da ɗan aiken, ta bar baiwar Allah makonni tana ba mutane haƙuri a kan laifin da ba na na'ura ba.

Ranar tafiya Hajiya ta aiko da buhun shinkafa da turamen atamfa da albasa mai yawa, ita ma ta zo tasha ta rungume Christy tana kuka. Christy ta karɓi komai ta yi godiya, ba ta nuna mata komai ba. Sai da Hajiya ta juya, direba yana ɗaure kaya, ta jawo ni gefe.

"Malama, da ke ta aiko, wallahi da na gode mata. Shekara talatin da wani abu, ko tsohuwa guda ban kai a aiko mani ba?"

Mota ta tashi.

Bayan 'yan watanni Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta ta rame. Ta ce Christy ba ta ɗaukar wayarta, idan ta ɗauka gaisuwa ce a taƙaice, ita ba ta san mi ta yi mata ba. Tana so in shirya, za ta biya mota, in je Zuru in ji ko lafiya, in ba ta haƙuri idan akwai abin haƙuri. Na gyara mayafina na ce mata labulen ɗakinta ba ya tare murya, ranar nan duk mun ji. Ta sunkuyar da kai. Na ce tun da nake ban taɓa mayar da aike ba, amma wannan ba zan kai ba.

"Kwamfutar da kinka ba saƙon hwarko, Hajiya, ita za ki ba wanga."

Christy tana Zuru, a ɗaki ɗaya a gidan ƙanin mijinta. Ta ce yaran gidan suna dariyar Hausarta, suna kiranta Basakkwaciya. Ran Lahadi idan ta taso coci takan kira ni. Takan tambayi kuɗin albasa, da ko albasar Malam Uwaisu ta yi kyau, da jaririn da Maryam ta haifa, har Nasrullahi takan ce in gaishe shi. Da can ba ta yin magana biyu ba ta ce ƙawata ba. Yanzu mukan yi hira har katin wayarta ya ƙare, ba ta tambaye ni Hajiya ba.